Yadda Malamin Aljebra Zai Kafa Dokar Aji da Tsarin Maki Tun Makon Farko

Na rubuta wannan ne domin ƙannena sabbin malamai da ake turowa makarantun SHS, wato babbar sakandare, a nan Kumasi, musamman wanda aka damƙa wa 'yan aji ɗaya ya koya musu lissafin dole, wato Core Maths. Tun da aka fara karatun SHS kyauta a 2017 ajujuwa suka cika maƙil. Za ka shiga ka tarar da yara hamsin ko fiye, wasu daga Aboabo, wasu daga Asawase, wasu daga Sawaba, kowa da irin tarbiyyar lissafin da ya taso da ita daga JHS, wato ƙaramar sakandare. Akwai wanda ya haye BECE, jarrabawar gama JHS, da hadda kawai, bai taɓa sanin dalilin da ya sa lamba ke canza alama idan ta tsallaka alamar daidai ba. Abin da ka shuka a makon farko shi za ka girba har su zauna WASSCE, jarrabawar gama SHS, don haka kada ka yi gaggawar buɗe darasi.

Mataki na farko: ka gaya musu abin da za ka riƙa dubawa

Ranar farko ni ba na karanta dokoki. Rubutu nake yi a allo:

3(x − 2) = 2x + 5

Sai in ba su minti biyar. In na zagaya, kashi uku nake gani. Akwai masu rubuta x = 11 tsurarsa, babu komai a samansa. Akwai masu buɗe baka, wato alamar ( ) da ta kewaye x − 2, su manta su ninka 2 da 3, su rubuta 3x − 2 = 2x + 5, su ci gaba tsaf har su sami x = 7. Akwai kuma waɗanda suka bar takarda fara fat.

Daga nan nake raba maki huɗu a gabansu: ɗaya na buɗe baka, ɗaya na tattara masu x gefe guda da lambobi gefe guda, ɗaya na amsa, ɗaya na mayar da amsar cikin tambaya a ga ko ɓangarorin biyu sun ba da 27. Mai x = 7 ya sami makin tattarawa, domin wannan aikin ya yi shi daidai. Mai x = 11 tsurarsa bai sami komai ba. Ajin kan ɗauki hayaniya. Wani yaro ya taɓa miƙewa ya ce, "Malam, ai amsata ce daidai!" Na ce masa, "Gaskiya ne ɗana, amma ban ga hanyar da ka bi ba. In ka je kasuwar Kejetia mai shago ya ce yana bin ka sidi ɗari biyu, ai sai ya lissafa maka abin da ka saya ɗaya bayan ɗaya."

Wannan ita ce uwar dokokin ajin: hanya ake biya. Kuma ba ni na ƙirƙiro ta ba. Haka WAEC, hukumar da ke shirya WASSCE, ke duba takarda ta biyu, akwai makin hanya daban, akwai makin amsa daban, kuma a kan takardar tambayoyin ma an rubuta cewa a nuna duk aikin da aka yi tare da amsa. Ka faɗa musu fasalin jarrabawar tun yau: takarda ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi, ta biyu awa biyu da rabi, tambayoyi biyar na dole sannan a zaɓi biyar cikin takwas. Yaron da ya saba ɓoye hanyarsa shekara uku ba zai koyi nuna ta a ɗakin jarrabawa ba.

Mataki na biyu: dokoki kaɗan, a rubuce

Kada su wuce abin da zai shiga shafin farko na littafin aiki. Kowa ya kwafa da hannunsa, ya sa hannu, uba ko uwa ko mariƙi ya sa hannu ko ya dangwala. Nawa ga su. Littafin lissafi daban yake, ba a haɗa shi da wani darasi. Layi ɗaya, mataki ɗaya, alamar daidai ƙarƙashin alamar daidai. Ba a goge kuskure, a ja masa layi ɗaya a ci gaba a ƙasa. Ba a yi wa mai tambaya dariya. Rula, fensir da littafin giraf su kwana a jaka.

Dokar hana goge kuskure ita yara suka fi jin nauyinta, ita ce kuma ta fi yi mini amfani. In yaro ya goge, ya ɓatar mini da sawun da zan bi in gano inda ya kauce.

Kalkuleta kuwa, WAEC ta yarda da wadda ba a iya loda mata shiri, kuma dole su iya aiki da ita. Amma makonni shida na farko a jaka take zama a ajina, har sai na tabbata yaro ya san −7 + 4 da kansa. Da bashi nake koya musu: ana bin ka sidi bakwai, ka biya huɗu, saura nawa a wuyanka? Babu ɗan Zango da zai kasa wannan.

Bulala ba ta cikin lissafi, hukumar ilimi ta Ghana, wato GES, ta hana duka a makarantu. Wanda ya karya doka aikinsa zai sake a gabana lokacin hutun tara.

Mataki na uku: maganar latti, Juma'a da yare

Nan ne sabon malami ya fi yin kuskure, ko ya tsananta ko ya saki. Yaran jeka-ka-dawo ba su da iko da cunkoson mota. Akwai wata yarinya da ke zuwa mini latti kusan kullum, ashe tun asuba take taya mahaifiyarta tuyar ƙosai da zuba koko, sai an rage layi take ɗaukar jaka ta nemi torotoro, wato motar haya. Da na riƙa korar ta waje, da na kore ta daga lissafi gaba ɗaya.

Ga abin da nake yi. Minti biyar na farkon kowane darasi tambayoyi biyu ne a allo daga aikin jiya. Wanda ya makara ya shigo shiru ya zauna, ya rasa makin ranar, amma darasi bai wuce shi ba. A ƙarshen zangon karatu nakan zubar wa kowa ranaku uku mafi muni. Wanda lattinsa ya wuce haka, sai in nemi iyaye mu zauna.

Kada ka sa babban gwaji gab da sallar Juma'a, hankali ya riga ya tafi masallaci. Da azumi ka kawo abu mai nauyi da safe. Ka tuna kuma yawancin yaranmu Asabar da Lahadi suna makarantar Islamiyya, saboda haka aikin ƙarshen mako ya zama tambayoyi biyar masu kyau maimakon talatin.

Yare fa? Idan suna aiki bibbiyu, su yi Hausa, su yi Twi, su yi Dagbani, duk wanda zai sa abu ya zauna. Abin da zai hau takarda dai da Turanci, tunda da shi za a tambaye su. Ni kaina nakan ce musu kalmar aljebra daga Larabci ta fito, al-jabr, wato ɗori, mayar da abin da ya karye mazauninsa. Al-Khwarizmi ya rubuta littafinsa a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban sashe na littafin lissafin gado ne da wasiyya. Yaron da ya ji ana rabon gado a unguwa, sulusi da sumuni, nan take yake gyara zama.

Mataki na huɗu: ka buɗe musu lissafin maki

Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne kashi 30 na aikin cikin zango, kashi 70 na jarrabawa. Ka fara tambayar shugaban sashen lissafi takardar da makarantarku ke cikewa, ita ce gaba da tsarinka. Inda aka bar maka hannu, ga yadda nake raba talatin ɗin: 10 na aikin aji, har da tambayoyin minti biyar, 10 na gajeren gwaji duk mako biyu, 5 na aikin gida, 5 na gyara.

Da gangan na rage nauyin aikin gida. Yanzu waya na ɗaukar hoton tambaya ta fitar da amsa da matakanta, ga kuma yayye da abokai. Aikin gida na nuna mini wanda ya zauna ya gwada, amma abin da yaro ya iya a gabana nake ganinsa. In na kama littattafai biyu da kuskure iri ɗaya a layi ɗaya, ba na tambayar wa ya kwafi wa. Duka biyun za su zo allo, kowa da tambayarsa.

Makin gyara shi ne abin da na fi so a tsarin nan. Bayan kowane gwaji, yaro yana da kwana uku ya sake duk tambayar da ya faɗi, ya rubuta jimla ɗaya a gefe yana faɗin inda ya kauce: "na manta ninka lamba ta biyu cikin baka", ko "na raba gefe ɗaya na bar ɗayan". Wanda ya kwafo amsar daidai kawai bai yi gyara ba. Bayan wata biyu za ka ga yaro ya tsaya da alƙalami a kan baka, yana duba kansa kafin ka zo.

Sannan ka mayar da tsarin makin darasi. A ce makin haye ajinka 50 ne. Yarinya tana da 24 cikin 30, nawa take bukata cikin ɗari a jarrabawa? Su rubuta 0.7x + 24 = 50, su warware, su sami 37 da ɗoriya, wato 38 ya ishe ta. Wani yana da 9 kacal: 0.7x + 9 = 50, sai ya nemo 59. Ranar da muka yi wannan lissafin ajin tsit yake yi, kowa na juya littafinsa yana ƙirga abin da ya tara. Ka nuna musu matakan sakamakon WASSCE daga A1, wanda ya fi kowanne, zuwa F9, wato faɗuwa, ka gaya musu ƙarara cewa jami'o'i irin su KNUST sai da C6 ko sama da haka a lissafin dole suke karɓar ɗalibi a digiri, ko da karatun da yake nema ba na lissafi ba ne.

Mataki na biyar: kai ma doka ta hau kanka

Ka rubuta naka alkawuran a ƙasan nasu. Takardar gwaji za ta dawo cikin mako guda. Ba za a kira makin kowa da ƙarfi a aji ba. Wanda ya ga an tauye masa maki ya kawo takardarsa cikin kwana biyu a sake dubawa, in kai ka yi kuskure ka gyara a gabansa. Ka ware rana ɗaya a mako, rabin awa bayan an tashi, domin masu tambaya.

Kafin tsakiyar zango ka kira iyayen duk wanda bai kai 15 cikin 30 ba, kada ka jira ranar taron iyaye. Wata uwa ta zo mini da mayafinta a kafaɗa tana cewa, "Malam, ni ban yi boko ba, me zan iya duba masa?" Na buɗe littafin ɗanta na ce, "Hajiya, ba sai kin karanta ba. Ki duba kwanan wata a saman shafi, ki ga ko na jiya ne. Ki duba ko akwai layi huɗu ko biyar ƙarƙashin kowace tambaya. In kin ga layi ɗaya tak, ki ce ya zauna ya nuna miki hanyar da ya bi." Ta karɓi littafin ta ƙirga layukan da yatsa, ta ce za ta riƙa dubawa bayan sallar isha'i.