Yadda ake kai yaro yaye ko riƙo ba tare da an tsinka shaƙuwarsa da uwa ba

A gidajen Hausawan Gadarif da Kasala da ƙauyukan da ke kewayen Sinnar a ƙasar Sudan, da wuya yaro ya tashi a hannun mutum ɗaya. Idan ya cika shekara 2 yana shan nono akan kai shi gidan kakarsa yaye, wani kuma gwaggo ce ke ɗaukarsa riƙo, wani uwarsa ke barinsa makonni idan lokacin yankan riɗi ya zo. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 irin wannan rabuwa ta yawaita, domin iyalai da dama sun rarrabu tsakanin garuruwa. Inda akwai damar shiri, ga yadda ya kamata a bi.

Da farko a zaɓi wadda yaron ya riga ya sani, sannan a ba su lokaci tare tun uwar tana nan. A 1977 Robert Marvin da abokan aikinsa sun wallafa binciken da suka yi kan jariran Hausawa a arewacin Najeriya, inda suka ga jariri yakan shaƙu da mutum 3 ko 4 a gida ɗaya, amma ya fi karkata ga wadda ta fi ɗaukarsa da kula da shi, ko da ba ita ta haife shi ba. Saboda haka kusancin jini kaɗai bai isa ba. Makonni kafin tafiya, kaka ko gwaggo ta riƙa goya shi, ta yi masa wanka, ta ba shi kunu, kuma idan ya faɗi ya yi kuka a bar ta ta rarrashe shi uwar tana zaune a gefe.

Sai a duba lokaci. Jarirai kan fara ƙiwa wajen wata 7 zuwa 9, tsoron rabuwa da uwa kuma yakan yi tsanani tsakanin wata 10 da 18. Idan da hali a kauce wa wannan tsakanin, kada kuma a haɗa yaye da rashin lafiya ko zuwan sabon ƙane.

Ranar tafiya uwa ta yi wa ɗanta sallama ido da ido. A nan na saɓa wa abin da muka gada, wato uwa ta sulale yaro yana barci, ko a ce masa ta je kasuwa yanzu za ta dawo. Wannan dabara tana sauƙaƙa wa manya ne kawai, yaron kuwa abin da ya koya shi ne ana iya ɓace masa a kowane lokaci, shi ya sa daga baya yake maƙale wa zanen uwarsa ko banɗaki za ta shiga. A gaya masa gaskiya da ma'aunin da yake ganewa, kamar "zan dawo bayan an sauko daga Juma'a", a taƙaita sallamar, a tafi ko yana kuka. A bar masa zanen goyonsa ba tare da an wanke ba, domin ƙamshin humrar uwarsa da ke jiki yana kwantar masa da hankali da dare, kuma a ci gaba da ba shi abincin da ya saba a lokacin da ya saba. Idan akwai intanet, gajeren saƙon murya ta WhatsApp kullum ya fi doguwar hira sau ɗaya a mako.

Mataki mafi wuya yana wuyan mai riƙo, shi ne fahimtar shirun yaro. A farkon shekarun 1950 James Robertson da John Bowlby na Birtaniya sun lura da ƙananan yaran da aka kwantar a asibiti ba tare da iyayensu ba, suka bayyana hali 3 da yaran ke shiga a jere: kuka da turjiya, sai yanke ƙauna, sai nuna halin ko-in-kula da kowa. Abin da kakanni ke kira "ya dangana" wani lokaci hali na biyun ne. Yaron da ya saba da gaske yana ci, yana wasa, yana rugowa wurin mai riƙonsa idan ya tsorata. Wanda ya koma lungu, ya ƙi abinci, ko ya dawo da fitsarin kwance bayan ya daina, goyo da rarrashi yake buƙata, kuma tsawa ko gori ƙara dagula shi suke yi.

Dawowar uwa ma tana buƙatar shiri. Mary Ainsworth, wadda ta fara nazarin iyaye mata da jariransu a Uganda a 1954, ta nuna cewa yadda yaro ya tarbi uwarsa bayan rabuwa ya fi kukan tafiyarta bayyana irin shaƙuwar da ke tsakaninsu. Bayan doguwar rabuwa yaro na iya kau da kai ko ya ɓuya bayan kakarsa, kuma idan ɗan fari ne kunya kan hana uwar matsowa, sai kowa ya tsaya nesa. Kada ta ce ya manta ta, kada kuma a fizge shi daga hannun mai riƙo. Ta zauna a tabarma kusa da shi, ta ajiye tsarabarsa a gabanta, ta bar shi ya zo da kansa. Idan za a mayar da shi gida, a roƙi kakar ta raka shi ta kwana 2 ko 3 kafin ta koma.