Tayar da kango: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara, da damina ta ɗauke, sai ka ga an buɗe wani kango a cikin birnin Kano. Ko dai magada sun haɗa kuɗi, ko wani ɗa ya dawo daga Legas ko Saudiyya da niyyar raya gidan mahaifinsa da ya daɗe a kulle. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Abin da ke ɓata mini rai shi ne kusan kowa hanya ɗaya yake bi. Tun bai san ta inda ruwa ke shiga gidan ba, ya riga ya je Ƙofar Ruwa ya yi cinikin siminti da tayil da fenti. Bayan damina biyu ko uku kuma a taru ana salati a gaban katangar da ta zube.

Gidan da aka bari, ruwa ne ke cinye shi. Indararo ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan soro, ya tsatsa ta cikin azara, ya sauko cikin bango. Saboda haka ni ba na yarda a taɓa komai sai na ga gidan ana tsaka da ruwa. A watan Agusta nake zuwa, lokacin marka, in tsaya a zaure in kalli inda ruwan ke bi, inda yake taruwa, da inda yake ɗiga. Ina tafe da gawayi ina yi wa kowane wuri alama. Aikin kuma sai rani, kuma daga sama ake farawa: rufi, indararo, hanyar ruwa. Wanda ya fara da falo ya bar rufi, kuɗinsa ya zubar.

Babban kuskuren, wanda ya fi kowanne tsada, shi ne shafe ginin ƙasa da siminti. Za ka ji ana cewa ai siminti ya fi ƙarko, an huta da yaɓe duk shekara. A kan bulo haka ne. A kan tubali kuwa ɓarna ce. Siminti ba ya kama ƙasa, jingina kawai yake yi da ita. Rana ta doke shi ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, ƙasar da ke bayansa kuma ba haka take motsi ba, sai ya yi 'yan tsage-tsage kamar silin gashi. Ta nan ruwa ke shiga. Ga kuma damshin da ke tasowa daga tushen gini. A da, bangon yana shan ruwa ya kuma fitar da shi idan rana ta fito. Yanzu an toshe masa hanya, sai ya yi ta jiƙa a ɓoye, gara ta samu inuwa da laima ta kafa gida, alhali daga waje bango sumul, har da fenti.

A gidanmu na gado aka yi wannan. Wani birkila ya shawo kan yayyena, aka lulluɓe katangar gabas da siminti tun daga ƙasa har zanko. Katangar nan kakanmu ya same ta a tsaye. Wata rana da asuba, cikin marka, ta kwanta gaba ɗaya, ta tafi da ɗakin girki da rabin ɗakin gwaggonmu. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Da muka ɗaga ɓaraguzan, simintin na nan falle-falle da ƙarfinsa, ƙasar da ke bayansa ta zama taɓo, ka damƙa ta fito ta tsakanin yatsunka. Wani dattijon magini da muka kira daga baya ya duba, ya ce da ni: "Ɗana, ba tsufa ne ya kayar da ita ba, numfashi aka hana ta." Na ce, "Baba, yanzu sauran fa?" Ya ɗauki ƙotar fartanya yana ƙwanƙwasa sauran bangwayen. Duk inda ya yi ƙara kamar ganga, ya ce a ɓamɓare. Abin da muka kashe wajen gyaran ɓarnar ya fi abin da aka kashe wajen yin ta nesa ba kusa ba.

Maganinsa a wurina shi ne ƙasa ta koma kan ƙasa. A kwaɓa ta da ramno da kashin jaki ko na doki, a bar ta ta kwana-kwana ta ruɓa kafin a yaɓa. A bi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda ke sa ruwa ya zame. Inda ruwa ya fi duka, kamar kan soro da bakin indararo, magabata laso suke sawa, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Masu wannan sani sun yi ƙaranci, amma ba su ƙare ba, a tambayi tsofaffin magina na unguwa. Duk mai ganin ginin ƙasa aikin talauci ne, ya je ya ga bakan gizon ƙasa da ke riƙe da rufin tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun ƙarni na 19, ko ya shiga Gidan Makama a nan Kano. Tsohon garin Agadas kuwa, da hasumiyarsa ta ƙasa, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013. Idan kuma ka ƙudurta bulo kake so, to rushe bangon ka tayar da sabo tun daga tushe. Kada ka ɗora bulo a kan tubali, kada ka zuba dakin, wato rufin kankare, a kan bangon ƙasa.

Na biyu, tsakar gida. Tsofaffin gidajen cikin gari da yawa yanzu sun fi titi ƙasa, domin an yi ta ciko ana gina kwata shekara da shekaru. Sai mai gyara ya zo ya malale tsakar gidan da kankare ko intalok, bango zuwa bango, ba tare da ya auna gangare ba. Ruwan da ƙasa ke shanyewa a da ya rasa wurin zuwa, ya koma gindin ɗakuna. Ga zafi: a watan Afrilu ba mai iya taka wurin ba takalmi. Ni ina fara nemo mafitar ruwa, in ja igiya, in tabbatar gangaren ya bar jikin gini ya nufi rariya, sannan in bar fili na ƙasa ko yashi a tsakiya.

Kuma don Allah ku daina sare bishiyoyi ranar farko! Me mangwaron nan ya yi muku? Wanda ya dasa shi ya yi ta ɗaukar ruwa a tulu yana ba shi, shekaru aka yi kafin ya yi inuwar da ake shimfiɗa tabarma. Ku kuma kun kira mai injin yanka don kawai leburori su samu wurin juye yashi. Sabon da za ku dasa, ko mai aure ne, sai ya kai shekara uku kafin ya yi 'ya'ya, inuwa kuwa sai 'ya'yanku. A rage rassan da suka hau kan rufi, a cire busassu, a bar uwar. Wanda ya cancanci cirewa shi ne ɗan cediya ko durumin da ya tsiro a tsagin bango, shi kam a bi saiwarsa har ƙarshe. Duk abin da aka sare kuma a tone kututturensa, in ba haka ba an ajiye wa gara abinci a ƙofar ɗaki.

Kada a cinna wa ciyawar kango wuta. Tana lasar azara da katangar maƙwabci, kuma macizai da kunamun da ke ciki gidajen mutane za su nufa. A share da lauje da adda, da takalmin roba a ƙafa, daga bakin ƙofa zuwa ciki.

Tsohuwar rijiya, kada yaro ya shiga don an ga ba zurfi. A kira masu yasa, su ma su zura fitila mai wuta tukuna, in ta mutu iskar ciki ba ta shaƙuwa. A nemo inda tsohon masai yake kafin a haƙa tushe, don ramin da aka cike yana burmawa. Sabon masai ko sokawe ya yi nesa da rijiya, mita 30 in fili ya bari.

A lambu, gaggawa ce matsalar. Ana gama gini sai a sayo dashe a jera a kan ƙasar da ke cike da ɓaraguzai da ragowar siminti, a zuba ɗanyen kashin kaji, ya ƙone su. A kwashe tarkacen, a sa takin da ya ruɓe sosai, a jira damina ta zauna. Takin bola na yanzu ni ba na sa shi, leda da batir sun yi masa yawa. Shekarar farko zogale nake kafawa, da rama da yakuwa, in yi shinge da lalle, in ga yadda ƙasar take kafin in kawo gwaiba da lemun tsami. Darbejiya da bishiyar turare kada su kusanci bango ko sokawe. In akwai awaki a gidan, shinge kafin dashe.

Tsohuwar wayar lantarki a zare ta duka, ɓeraye sun gama da ita. Azarar giginya da ke da lafiya kada a musanya ta da katakon kasuwa, gara ba ta cinta kamar yadda take cin katako. Magini kuma a biya shi kashi-kashi gwargwadon aikin da ya gama.

In gidan na gado ne, kafin a sauke buhu ɗaya a zauna da dukan magada, har da mata da waɗanda ke nesa. A rubuta ko an raba, ko kuɗin da kake sawa bashi ne a kan gidan, ko kyauta ce, shaidu su sa hannu. Katangar da kuka haɗa da maƙwabci kuma, a kira shi da mai unguwa su ga iyaka kafin a taɓa ta.