Yadda Za a Daidaita Fitilu Masu Aiki da Intanet Bayan Ɗaukewar Wuta

Idan wuta ta ɗauke ta dawo, sai manhajar waya ta nuna cewa fitilun gida ba sa amsawa, kuskuren da aka fi yi shi ne a goge ƙwan fitila daga manhaja a sake saita shi daga farko. Yin hakan yana shafe sunan da aka ba shi da ɗakin da aka sa shi da jadawalin kunnuwarsa, alhali sau da yawa ƙwan lafiyarsa ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwan fitila yana farfaɗowa cikin daƙiƙu kaɗan, ita kuwa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, tana iya ɗaukar minti biyu ko uku kafin ta kammala tashi. Ƙwan yakan nemi rauta bai same ta ba, kuma wasu ƙwayayen ba sa sake nema da wuri.

Saboda haka daga rauta ake farawa. A tabbatar intanet ya dawo a waya, a dakata kamar minti biyar, sannan a kashe makunnin bango na fitilar, a ƙirga daƙiƙa goma, a kunna shi sau ɗaya tak. Wannan kaɗai yana magance mafi yawan matsalolin. Idan gidan yana da na'urar tsakiya, wato wadda ke haɗa fitilu da rauta, irin Hue Bridge ta fitilun Philips Hue, a cire ta daga soket, a bar rauta ta tashi tukuna, sannan a mayar da ita, a kuma duba cewa igiyar da ta haɗa su ba ta sassauta ba. Fitilun da ke amfani da Zigbee, wani tsarin sadarwa mara waya, suna miƙa wa juna saƙo ne daga ƙwai zuwa ƙwai, don haka ƙwai ɗaya da aka kashe a makunni yana iya yanke na can ƙuryar gida. A kunna duka, a ba su lokaci su sake gano hanyoyinsu, ko da zai kai awa guda.

Ƙwan da ke ƙyaftawa da sauri ba tsayawa kuwa, labarinsa daban ne. Da yawa daga cikin masu ƙera waɗannan fitilu sun mayar da kunnawa da kashewa a jere hanyar goge saiti: yawancin ƙwayayen da ke aiki da manhajar Smart Life sau uku suke buƙata, na kamfanin IKEA kuwa sau shida. Idan wuta ta yi ta zuwa tana komawa kafin ta tsaya, ƙwan ba zai bambance wannan da hannun mai gida ba, sai ya goge kansa ya zauna jiran sabon haɗi. A nan ne kawai sake saitawa ya zama dole. Kafin a fara, a tabbatar wayar tana kan zangon Wi-Fi na 2.4 GHz, domin mafi yawan ƙwayayen Wi-Fi ba sa ganin zangon 5 GHz ko kaɗan. Idan rauta ta haɗe zangunan biyu ƙarƙashin suna ɗaya, a kashe na 5 GHz na ɗan lokaci har a gama. Yana da kyau a mayar wa ƙwan ainihin sunansa na da, don umarnin murya ta Alexa ko Google ya ci gaba da aiki, ko da yake wani lokaci sai an sake sa shi cikin jadawali da hannu.

Akwai kuma fitilar da ke kunnuwa da cikakken haske da zarar wuta ta dawo, ko da tsakar dare ne mutane suna barci. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara ta. A cikin manhajoji da yawa akwai wurin da ake zaɓar abin da ƙwan zai yi idan wuta ta dawo, kuma ga ɗakin kwana abin da ya fi dacewa shi ne ya koma yadda yake kafin ɗaukewar. Idan jadawali ne ya rikice, a duba agogo da yankin lokaci a manhaja, domin na'urar daga intanet take karɓar lokaci.

Ƙwan da bai kawo haske ko kaɗan ba, a gwada shi a wani mazaunin fitila da aka san yana aiki. In ya ƙi a can ma, ko ana jin ƙaurin ƙuna, to ƙarfin wutar da ta dawo ne ya ƙona shi, sai dai a canza. Domin gaba, a haɗa rauta da na'urar tsakiya da ƙaramin batirin ajiya na UPS, ta yadda fitilu za su tarar da su a kunne duk lokacin da wuta ta dawo, sannan a cire duk wani makunnin rage haske na bango daga layin waɗannan ƙwayaye, domin yana sa su ƙyaftawa kuma yana rage musu kwana.