Idan Aka Miƙa Maka Takardun Bayanin Aiki

Ɗan'uwa, in ka samu aiki a kamfanin injiniya ko na manhaja a Turai ko Amurka, da wuya wani ya zaunar da kai ya yi maka bayani dalla-dalla. Takardu za a turo maka: jagorar saka manhaja, littafin sarrafa na'ura, ko fayil ɗin README, wato takardar bayanin farko da ke zuwa tare da manhaja. Da yawanmu in suka maƙale a wani mataki sai su yi gum, suna zaton Turancinsu ne ya gaza. Galibi kuwa takardar ce gurguwa. Wanda ya rubuta ta ya ƙware har ya daina ganin matakin da ya tsallake.

Baƙuntarka ita ce ma'aunin ingancin takardar. Bi takardar kalma da kalma, kada ka cike giɓi da hasashe. Duk inda ka tsaya, rubuta abin da aka ce za ka gani da abin da ka gani. Duba ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe, da ko sigar manhajar da take magana a kai ita ce a kwamfutarka. In an kira abu ɗaya da sunaye biyu, shi ma aibi ne.

Sai lambobi, inda aka fi tuntuɓe. A Jamus 1,5 ɗaya da rabi ne, 1.500 kuma dubu ɗaya da ɗari biyar. 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu, shi ya sa tsarin rubuta kwanan wata na duniya, ISO 8601, ya ce shekara tukuna, sai wata, sai rana. Kada ka raina wannan. A 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani sashe ya yi lissafin ƙarfin turi da ma'aunin fam irin na Amurka, ɗaya sashen kuma yana jiran na niyuton, wato ma'aunin mitirik.

Wajen kai rahoto, "ban gane ba" ba ta wadatar. Ka ce: "A mataki na huɗu an ce a shigar da kalmar sirri, amma ba a faɗi wa ke bayar da ita ba." In takardun suna cikin Git, manhajar da ake adana fayiloli da tarihin gyare-gyarensu a ciki, rubuta gyaran da kanka ka tura a duba. Ka yi haka a makonninka na farko, kafin kai ma ka saba da giɓin.