Yadda na gyara takardun karena na shiga Jamus

Sau biyu likitan dabbobi na gwamnati yana dawo min da takardun kare na. Na ɗauka allurar rigakafin ciwon haukan kare ce ta tsufa, na kuma zargi kamfanin jirgi. Ashe kwanan wata ne matsalar: an yi masa allurar kafin a dasa masa ƙwayar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, wadda ke ɗauke da lamba mai alƙaluma 15. Tarayyar Turai ba ta ƙirga allurar da ta riga na'urar.

Sai muka faro daga tushe. Likita ya ɗora abin karantawa a kafaɗarsa, lambar ta fito, ya rubuta ta a katin, sannan ya sake allurar. Bayan kwana 30 aka ɗebi jini, aka aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi. Ana neman aƙalla 0.5 IU/ml, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar da allurar ta samar a jininsa, ya kuwa wuce. Daga ranar ɗibar jinin na ƙirga wata uku cif da ake buƙata kafin a bar shi ya shiga, wannan jiran ne ya fi ci min rai. Takardar lafiya kuwa sai cikin kwana 10 kafin isowa aka sa mata hannu.

Alhamdu lillahi mun shiga lafiya, likita na gode.