Kurakuran da ke kashe tsohuwar ƙaramar mota tun kwananta bai ƙare ba

Tun da anka cire tallafin mai a 2023 kowa ya dawo neman ƙaramar mota, Starlet da Micra da 206 da a da ake yi ma kallon raini yanzu su ne 'yan gaban goshi a Birnin Kebbi. Ni shekara tara ke nan ina tare da Starlet tawa 'yar 1997 mai inji 1.3, kuma wallahi na gaji da ganin yara suna sayen irinta suna maimaita shirmen da na yi, wata shida ka ganta an ɗora bisa duwatsu a gareji kaji na kwana ƙarƙashinta. Toyota ta daina ƙera irin wannan Starlet ɗin tun 1999, ke nan duk wadda ka gani a titi ta girmi wasu masu tuƙa ta, tsohuwa ce, lallaɓa ta ake yi.

Babban abin da ke cin su a garin nan zafi ne, kuma mu ke jawo shi da hannunmu. Ranar da na sayi tawa, bakaniken da na kai ma ya buɗe bonet, ya nuna tamostat, ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin inji, ya ce "Alhaji, wannan tamostat ɗin na ƙasar sanyi ne, bari mu cire, fanka kuma mu haɗa ta kai tsaye." Na ce to, ai shi ya sani. Ruwan lagireto kuwa duk wanda na samu nake ɗurawa, na rijiya, na 'yan garuwa, har fiya wata. Abin da ban gane ba shi ne ruwan rijiya yana barin farar ƙasa da tsatsa cikin siraran hanyoyin lagireto, sannu a hankali ya toshe su, ita kuma fanka da anka yi ta don ta tashi ta huta, ka sa ta gudu tun daga kunna mota har kashewa, dole wata rana ta ƙone ba sallama.

Fankar tawa ta ƙone ne a watan Afrilu, tsakar rana, za mu ɗaurin aure Jega, mu biyar ƙarti ga buhun shinkafa a but. Muna wuce Kalgo na ga allurar zafin inji ta haura rabi tana neman ja. Na ce bari mu tsaya, wanda ke gefena ya ce haba malam ƙarasa mana, saura kaɗan, za a shafa fatiha ba mu. Na biye mashi. Ba mu yi nisa ba tururi ya turnuƙe gaban motar, munka sauka gefen titi, sai na ƙara tafka wautar da ta fi ta farko, na sayi fiya wata mai sanyi ina fasawa ina zubawa a inji mai zafi kamar wanda ke kashe gobara. Kan injin aluminiyam ne, ya lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakaninsa da jikin inji ya tafi. Da na zaro sandar gwada baƙin mai washegari, abin da ke jikinta kamar kunun gyaɗa, ruwa da mai sun haɗe. Sati uku tana gareji, kuɗin da na tara na ragon layya su sunka tafi wurin goge kan inji da sabon gasket da lagireto, ɗaurin auren ma ba mu samu ba.

To ku ji, in allura ta tashi ka tsaya. Ba ruwanka da surutun fasinja, ba shi zai biya ba. Kashe ta, buɗe bonet, ka nemi inuwa ka zauna kamar rabin awa, kuma kada ka kuskura ka taɓa murfin lagireto da zafinsa, ruwan ciki yana matse ne, ya wuce ma'aunin tafasa, fuska yake nema. Ni yanzu na mayar da tamostat, aikinsa kawai ya riƙe ruwa har inji ya kai zafin da ya kamata, wajen digiri 80 da ɗoriya, sannan ya buɗe. In babu shi, da safiyar hunturu kwamfutar motar tana ganin inji bai ɗumama ba sai ta yi ta ƙara mai, kai kuma kana zagin gidan mai. Bakanikai da yawa ba su yarda da ni ba a kan wannan, sun ce rana ta Kebbi daban ce, na ji, amma dai shekara shida ban sake tafasa ba. Kulan nake zubawa, ruwan nan mai launi na galan, murfin lagireto kuma da na ga robarsa ta tsage nake canzawa, ba ya da tsada.

Na biyu da ke ƙona mani rai shi ne kwalliya kafin lafiya. Yaro ya sayi mota yau, gobe ya cire wili mai inci 13 da ta zo da shi ya sa 15 ko 16 da siririyar taya, ya sa a yanke sifirin don ta kwanta ƙasa, ya cika but da sifika, ya fasa salansa tana kuka kamar injin niƙa. Kai ɗan'uwa, a wane titin? Ramin farko da ka faɗa hanyar Argungu da damina wilin ya lotse, taya na gugar jiki duk sanda ka karya kwana, shokozoba da bolojoyin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, injin da dama ƙarfinsa kaɗan ne ka ƙara mashi nauyin juyawa. Ni ma na taɓa sa 15, ba zan ɓoye ba, wata huɗu na sayar da asara na koma gidan jiya. Wanda ya yi duk wannan ka tambaye shi yaushe ya canza taimin bel, wato bel ɗin robar da ke daidaita buɗewa da rufewar bawul ɗin inji, sai ya tsaya yana kallonka. Kusan kilomita 100,000 ake ba shi, kuma lambar da ke kan mita ta motar Kwatano kada ka yarda da ita, ni ranar da mota ta shigo hannuna nake canza shi in rubuta a littafi. Masu 206 ku kun fi kowa shiga uku in ya tsinke a guje, bawul ke lanƙwashewa. Micra ita sarƙa gare ta, ta huta da wannan.

Baƙin mai duk kilomita 4,000 nake juyewa tare da filta, wasu sun ce ɓarna ce, su dai ba su ga abin da ƙurar hunturu ke yi ba. Na aune a kwalbar lemo bakin titi ba ya shiga motata.

Yawo da tanki a ja kullum yana ƙona famfon mai, don cikin tankin yake kuma man ne ke sanyaya shi. Fis ya ƙone, kada ka bari rewaya ya naɗa waya a gurbinsa, haka motoci ke kamawa da wuta. Fitilar inji ta kunno a dashbod, a sa na'ura a duba, ba a cire ƙwan ba.

Sai taya 'yar Kwatano. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2315 to sati na 23 na 2015 anka yi ta, komai kyan zanenta robar ta bushe kuma kwaltar Afrilu ba ta da tausayi. Kwanaki mai faci ya miƙo mani wata baƙa wul tana sheƙi, ya sha shafa mata mai, yana cewa "Yallaɓai wannan ko ƙasa ba ta taka sosai ba." Na tsuguna na goge gefen da babban yatsa, 0912.