Yadda ake ciyar da yis ɗin Pichia ya ba da furotin, ko da a zafin Kebbi

Yis ɗin Pichia pastoris, wanda yanzu ake kira Komagataella phaffii, shi aka fi ɗora wa aikin samar da furotin da ba nasa ba. Ana dasa masa ƙwayar gadon da ake so ƙarƙashin makunnin AOX1, wato sashen gadon yis da ke ba da umarnin fara yin furotin, wanda metanol ke kunnawa, giliserol da gulukos kuma su kashe shi. Don haka ciyarwar mataki uku ce, kuma a na ukun ne aiki ya fi lalacewa.

A mataki na farko ana so yis ya yi yawa ne kawai. Ka haɗa ruwan gishirin reno da giliserol giram 40 a kowace lita, da gishirin PTM1, wato haɗin ma'adinan da yis ke buƙata kaɗan-kaɗan, mililita 4.35 a lita. Zafi ya tsaya a digiri 30, pH a 5.0, ana daidaita shi da ruwan amoniya, wanda shi ne kuma abincin naitirojin na yis ɗin. Idan pH ya haura 5 sosai gishirin zai kwanta, ruwan ya yi fari, ka ɗauka yis ne ya ƙaru alhali ba shi ba ne. Zuba irin yis kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na yawan ruwan. Cikin awa 18 zuwa 24 giliserol zai ƙare, alamarsa kuwa ma'aunin oksijin da ke narke cikin ruwan tanki ya yi tsalle sama farat ɗaya, tunda babu abin da yis zai ƙona.

A mataki na biyu sai ka fara ɗiga giliserol mai ƙarfin kashi 50, da PTM1 mililita 12 a kowace litarsa, kimanin mililita 18 a awa ga kowace lita ta ruwan da ka fara da shi, na wajen awa 4. Jiƙaƙƙen nauyin yis ya kai giram 180 zuwa 220 a lita. Ka tsayar, ka jira oksijin ya sake tashi. Kada ka yi gaggawa a nan, ragowar giliserol na hana AOX1 buɗewa.

Yanzu mataki na uku, metanol. Ga nau'in Mut+, wato yis mai cin metanol da sauri, ana farawa da mililita 3.6 a awa ga kowace lita, a bar shi haka awa 2 zuwa 4 har yis ya saba. A wannan lokacin ma'aunin oksijin zai riƙa hawa da sauka, ba matsala ba ce. Idan ya natsu a ninka zuwa 7.3, bayan awa 2 a kai 10.9, a ci gaba har kusan awa 70. Nau'in MutS ba ya ci da sauri haka: daga mililita 1 ake farawa, a tsaya wajen 3.

Waɗannan alƙaluma mafari ne, tankinka ne zai faɗa maka gaskiya. Gwajin mai sauƙi ne: kashe famfon metanol ka zuba wa ma'aunin ido. Idan oksijin ya tashi cikin ƙasa da minti ɗaya, yis na cinye duk abin da ake ba shi, haka ake so. Idan ya yi jinkiri, metanol ya taru, rage gudun famfon. Yis na mayar da metanol fomaldihaid da haidirojin feroksaid, dukansu guba ne gare shi, kuma metanol da ya wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari yana kashe shi. Yis da ya mutu yana fashewa ya saki sinadaran da ke yanka furotin, sai ka ga tanki cike, abin da ka wahala a kai kuwa ya narke. Gara yis ya zauna da ɗan yunwa da a ƙoshar da shi. Oksijin kada ya sauka ƙasa da kashi 20. In ƙara gudun maburgi da iska bai isa ba, rage abinci.

Mai aiki a Aliero, Birnin Kebbi ko Gusau yana da ƙarin damuwa biyu. Ƙona metanol na fitar da zafi mai yawa, kuma a Maris da Afrilu, lokacin da gari ke wuce digiri 40, ruwan tankin da ke kan rufin ɗaki ba zai sanyaya komai ba. Dole na'urar sanyaya ruwa ta kasance, musamman tunda sauke zafi zuwa digiri 20 zuwa 25 a matakin metanol kan rage lalacewar furotin. Haɗa sobitol, wani sinadari mai zaƙi dangin sukari, da metanol ma yana rage zafi da buƙatar oksijin, kuma ba ya kashe makunnin.

Na biyu ɗauke wuta. Kada a ɗora famfon metanol shi kaɗai a kan inbata alhali maburgi da injin iska na jiran janareto. Famfon zai ci gaba da zuba metanol a kan yis ɗin da ba ya numfashi. A haɗa su layi ɗaya, su tsaya tare. Idan wuta ta dawo, a bar iska ta yi aiki har oksijin ya hau, sannan a koma ciyarwa daga ƙaramin gudu.

Metanol na kama wuta da sauƙi, shansa na makantarwa. A ajiye shi a rufe, a inuwa, nesa da janareto. Sau biyu a rana ka ɗebi samfuri, ka auna nauyin yis da yawan furotin, ka girbe da zarar furotin ya daina ƙaruwa ko da yis na ci gaba da yawa.